Ki Tafi da Halifa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Salame,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin tashi lafiya. Ya gajiyar haɗa kaya, ya mutanen gidan mijinki a Treichville? Allah ya sa tafiyar nan taki ta zama ta alheri, ya tsare ki a ƙasa ya tsare ki a sama, ya kai ki Faransa lafiya, ya sada ki da mijinki cikin aminci.

Na san za ki yi mamaki. Daga Adjamé zuwa wurinki, duk cikin Abidjan, motar hayar nan ta gbaka ce kawai da tsallake gada, amma ga uwarki tana aiko miki da wasiƙa sai ka ce wadda ke wata ƙasa. Ki yi haƙuri da ni. In na zaunar da ke don mu yi magana, za ki sunkuyar da kai ki ce, "To, Hajiya," ni kuma nauyi ya kama ni in koma zancen tsadar tumatir. Shekara da shekaru muna haka. Kuma cikin 'ya'yana ke kaɗai ce zan rubuta wa Hausa ki karanta. Sani da Auta, in na miƙa musu wannan takarda, juya ta za su yi ta yi suna tambayata da Faransanci ko ta maganin hawan jini ce.

Maganar ɗaya ce, kuma gara in fara da ita. Ranar Juma'a kin kawo mini Halifa da jakar kayansa, kin ce in riƙe shi har ki gama karatun da za ki yi wurin malamar nan mai dashen ɓargo. Na karɓa ban ce uffan ba. To yanzu ina faɗa: ba zan riƙe shi ba. Takardunsa na tafiya a shirye suke, mijinki ya gama su tun bara, kuma shi da bakinsa ya ce ki je da shi. Ke ce kika ce aikin asibiti ba dare ba rana, yaro ɗan shekara biyu wahala zai sha. Kada ki ɗauka gajiya na yi da shi. Wallahi tun da angon nan nawa ya shigo gidan nan nake cin abinci da daɗi, ko da yake ba ya ba ni kuɗin cefane, sai ɓarnar sukari. In ya tafi ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Amma ki karanta har ƙarshe, sannan ki yanke hukunci.

Wasu abubuwan kin san su, wasu kina ƙarama aka yi, wasu kuma babu wanda ya taɓa gaya miki yadda suka kasance a cikin raina. Bari in ɗauko daga farko.

Lokacin da aka kawo ni daga Katsina, babanki yana zaune a unguwar Biafra da ke Treichville, cikin gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, ƙabila kusan biyar muna shanya a igiya guda. Shi yana shigo da fitilu da batura ta tashar jirgin ruwa, ni daga baya na kama sayar da atamfa. Mahaifiyarsa, Iya, tana tare da mu. A nan na haifi yayanku, ɗana na fari. Kin san yadda muke yi da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, in zan yi maganarsa kuma in ce "yaron Iya". Ban goya shi a gaban mutane ba, ban yi masa wasa ba, ana yaye shi ya koma ɗakin Iya. Shi ma da ya yi baki "Yaya Rabi" yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannen babanki suna faɗa. Maƙwabciyarmu Tanti Aya, 'yar ƙabilar Baule mai sayar da acheke, dambun rogon nan, takan riƙe baki ta ce, "Rabi, wai ba ke kika haifi yaron nan ba?" Ita kuwa sai ta rungume nata 'ya'yan ta sumbace su a tsakar gida. Ni a raina ina cewa, dubi rashin ta ido. Matan gidan sun so su riƙa kirana da sunansa, yadda ake yi a garin nan, Maman wane. Na haɗe rai har suka bari.

Kada ki ce ba na son sa. Son da na yi masa ban yi wa kowa irinsa ba, har ku, Allah ya yafe mini. In ina rabon abinci, nakan tura tsokar kifi mafi girma can ƙarƙashin tuwonsa inda ba mai gani. In ya taso daga makaranta yakan biyo ta rumfata ya tsaya yana naɗe atamfofin da masu saye suka warware, ba ya ce mini komai, ba na ce masa komai. Iyakar hirarmu ke nan, kuma a lokacin na ɗauka ta isa.

Yana shekara goma sha huɗu abin ya fara. Ni na riga kowa gani, don ni ke wanki. Na ga jini a rigar matashinsa. Na ga in ya yi asuwaki dasashinsa na zubar da jini. Na ga tabo baƙi-baƙi a ƙafafunsa ba tare da ya faɗi ba, kuma yaron da ba ya zama saboda ƙwallo ya koma kwanciya a tabarma da rana tsaka. Iya ta ce shawara ce, ta jiƙa masa saiwoyi. Babanki ya ce zazzaɓin sauro ne, ya sayo ƙwayoyi. Ni jikina ya ba ni ba wannan ba ne. Amma ta yaya zan buɗe baki a gaban surukata in ce a kai ɗana na fari asibiti? Sai a ce Rabi ba ta da kunya, ta fi kakarsa son sa. Na yi shiru ina kallo, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a makaranta.

Ga nasihata ta farko, ke da kike likita. In aka kawo miki yaro, kada ki tsaya ga mai yawan magana a bakin gado. Ki ɗaga ido ki duba bakin ƙofa. In kin ga wata mata tsaye tana murza gefen mayafinta, kamar ba ruwanta da mara lafiyar, to ki kira ta gefe ki tambaye ta. Ita ce ta san ranar da ciwon ya fara.

A babban asibiti muka haɗu da wani likita matashi, bai daɗe da dawowa daga Faransa ba. Shi ya faɗi sunan ciwon: sankarar jini, mai farawa daga ɓargo. Ni a lokacin ɓargo a miya kawai na san shi. Ya yi wa babanki bayani, wani ɗan Zarma mai aikin shara a wurin yana mayar mana da Hausa. Ya ce a cikin ƙashi ake yin jini, na yaron nan ya lalace. Magani zai danne ciwon na wani lokaci, amma abin da ake sa rai da shi shi ne a ɗebi ɓargon ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda jininsu ya dace, a dasa masa. Ba a yi a nan, sai a can wurin malamarsa. Ya ambaci sunanta yana ɗan rusunawa kamar tana gabansa. Salame, ita ce wannan da za ki wurinta. Tun a ranar na fara jin sunanta, na kasa riƙe shi, kuma har yau in na faɗa ƙannenki dariya suke yi mini.

'Yan kasuwarmu sun yi abin kirki, Allah ya saka musu. Daga masallacin Biafra har kasuwar Roxy suka tsaya wa babanki suka haɗa kuɗi, hanyar tafiya ta buɗe. Aka ɗebi jinin Sani da na Auta aka aika. Muka yi ta jira. Da amsa ta zo, babu wanda ya dace. Likitan ya dafe kai, sannan ya tambaya, "Babu wani kuma? Uwa ɗaya uba ɗaya, ko yana wata ƙasa?"

Babanki ya ce, "Su ke nan."

Ina bakin ƙofa. Na kalli ƙasa.

Ke kina Katsina a lokacin, shekararki tara. Gwaggo Indo, yayar babanki, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da za a yaye ki ta zo Abidjan, babanki ya ɗora ki a cinyarta a gaban dangi ya ce, "Yaya, na ba ki ita duniya da lahira." Ta goya ki tana kuka tana dariya. Kin san irin wannan kyauta ba a waiwayarta. Ko cewa "'yata" ban ƙara yi ba in ana zancenki, sai "'yar Indo". To wa zai je ya ce wa Indo ta ba da 'yarta, a kai ta ƙasar Turawa, a soka mata allura har cikin ƙashi? Babanki bai iya ba. Ni kuma na ga in na yi magana za a ce don in ceci ɗan da na haifa zan ƙwace wadda na bayar.

Aka ci gaba da magani. Gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo, ko koko ba ya wucewa sai da hawaye. Iya ke kwana da shi, ni aikina in dafa in kai in tsaya daga nesa. Makonni suka shige. Wata rana na ga ya ɗaga kofi da hannu biyu ya kasa kai shi baki. Na dawo gida na tarar da babanki da Iya a tsakar gida, ban ko ajiye kwando ba na ce, "Alhaji, akwai Salame."

Na jira a yi mini faɗa. Sai Iya ta fashe da kuka ta ce, "Abin da ke cina ke nan tun ranar, na rasa ta inda zan fara." Babanki ya cire hula ya ce shi ma ba ya barci saboda wannan. Kin ji mu! Mutum uku, gida ɗaya, magana ɗaya a zuciya, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa, yaro kuwa yana ƙarewa a gado. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Gidan Indo babu waya. Babanki ya ce ko da akwai, wannan ba maganar aike ba ce, sai an taka. Shi ba zai iya barin asibiti ba, da shi likitoci ke magana. Don haka ni ce mai tafiya. Na je yi wa yayanki sallama na tarar da ɗakin cike da 'yan dubiya. Na tsaya wajen ƙafafunsa na ce, "Kai, zan je Katsina in dawo." Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya." Na so in dafa kansa. Hannuna har ya tashi. Sai na ga idon mutane, na kama gefen zanin gadon na gyara masa a ƙafa, na fita. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na bi ta Bouaké, Wagadugu, Yamai, Maraɗi, na shiga ta Jibiya. Ƙafafuna suka kumbura, ban damu ba, a mota sai haddace abin da zan faɗa nake yi. Amma da na isa, Indo ta yi mini tarbar da ta ɗaure mini baki. Ta yanka kaji, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, maƙwabta suka yi ta shigowa. "Ya mai jiki?" In ce, "Da sauƙi." Me ake cewa in ba da sauƙi ba? Kika shigo da allonki kika durƙusa kika ce, "Sannu da zuwa, Hajiyar Abidjan." Kika koma kika kwanta a jikin Indo tana tsefe miki kai. Na dube ku na ce a raina, gobe. Baƙo ba ya sauke jaka ya sauke buƙata rana ɗaya, haka aka koya mana. Gobe ta yi, aka ce sai na je gaida dangin babanki. Wata goben aka yi suna a maƙwabta. Kusan mako na yi a gidan nan ina cin kaza, ina cewa da sauƙi.

Indo ce ta kama ni ina kuka a bayan ɗaki ina wanke kallabi. Ta tsare ni sai da na faɗa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Rabi, tun ranar da kika iso kina riƙe da wannan magana? Ke wace irin mace ce? Wallahi ko ƙashina ake so a zo a fasa!" Da hannunta ta haɗa kayanki, ko la'asar ba a yi ba. Ta raka mu tasha ba takalmi, ta manta. Duk tsoron da muka yi wata da watanni muna yi, ashe babu komai a bayansa sai matar da za ta bayar tun ranar farko.

Sauran kin gani da idonki. Mun sauka a tashar Adjamé, mun ɗauki tasi mun haye gada. Tun daga bakin layi na hango benci da tabarmi. Tanti Aya ce ta rugo ta rungume ni tana cewa, "Yako, Rabi, yako," yadda suke yi wa wanda aka yi wa rashi. Ashe kwana biyu ke nan da binne shi. Kin sha gaya mini, da bakinki na likita, cewa ko da mun iso da wuri jikinsa ya riga ya yi rauni, gwajin jinin ma yana ɗaukar lokaci, kuma ba lalle ba ne naki ya dace. Na yarda. Kwana ya ƙare, ba na jayayya da Ubangiji. Amma da ban zauna cin kaza ba, da ina wurin.

Ko a zaman makoki ban yi kuka a fili ba. Uwar ɗan fari ba ta yi. Mata suna ta cewa, "Kai, Rabi akwai haƙuri." Tir da wannan yabo. Bayan an watse Tanti Aya ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ce ranar da zai rasu ta kai masa romo, ya tambaye ta ko na dawo. Ta ce ina hanya. Sai ya ce, "Tanti, in ta zo ki ce mata na san ita ke sa mini kifin." A ɗakin Baule na yi kukan ɗana, fuskata cikin zaninta mai warin rogo, don a ɗakina ba ni da izini.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Kunya ado ce a wurin gaisuwa da wurin cin abinci. In rai yana kan gado, ki ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi. In akwai abin tambaya ki tambaya yau. In za a ce miki mara kunya, a ce.

Akwai abin da na yi miki ke kanki, kuma shi ya fi ci mini rai yanzu. Ranar da muka iso kina tsaye a tsakar gida da jakarki, ba ki san kowa ba, ba kya jin yaren kowa. Wata mata ta nuna ki da baki ta ce, "Ita ce aka je ɗaukowa? Ayya, ta makara." Na ji. Na ga kin ji. Ban ce mata komai ba, ke ma ban ce miki komai ba. Daga baya Indo ta aiko cewa a bar ki wurina ki sanyaya mini zuciya. Na karɓa, ban tambaye ki ko kina so ba. An raba ki da ni kina shan nono, an raba ki da ita kina shekara tara, duk ba da shawararki ba. Aka sa ki aji ɗaya da ƙananan yara kina koyon Faransanci suna yi miki dariya. Ba ki taɓa kawo ƙara ba. Kika kama littafi kamar mai faɗa da shi, har kika wuce kowa. Mutane suna cewa Salame akwai ƙwaƙwalwa. Ni na san abin da ke korarki. Ki saurara, 'yata: ba ke kika makara ba. Ke yarinya ce, an ce taso kin taso. Ni ce na makara. Ki sauke wannan kaya kafin ki hau jirgi, ba naki ba ne.

Yanzu maganar malamarki. Kin tuna ranar da kika zo rumfata a bayan Roxy da wasu takardu a hannu, idonki ja? Kika ce, "Hajiya, malamar nan da ɗalibanta sun yi shekaru suna bincike, su da wasu irinsu a wasu ƙasashe. Yanzu an gano yadda za a yi dashen ko da jinin rabi ne ya dace." Na ce to, madalla, ina auna wa wata mata yadi. Kika ce, "Uwa rabi ce, Hajiya. Uba ma rabi ne. Yanzu uwa tana iya ba ɗanta."

Na ce, "Uwa?"

Kika ce, "Uwa."

Ban san lokacin da almakashi ya faɗi ba. Na sallami matar na shiga bayan kaya na zauna, na kama ƙugu na ina taɓa ƙashin. Oh ni Rabi! Na ratsa ƙasa huɗu neman abin da zai ceci ɗana, na je da shi a jikina na dawo da shi a jikina. Sai haushi ya kama ni, na fito na ce miki, "To ita tana ina a lokacin? Me ya hana ta ganowa tun da wuri?" Kika ce a lokacin tana can tana gwadawa, nata marasa lafiyar ma suna mutuwa a hannunta, ta yi ta rubuta abin da ya yi da abin da bai yi ba, wasu suka karanta suka ɗora, ita ma ta karanta nasu ta gyara. Kika ce malamanku na nan da rubuce-rubucenta suke koyar da ku, kuma likitan nan da ya duba yayanki, wanda yanzu kansa ya yi fari, shi ya rubuta mata a kanki. A sallar magariba na sa ta a addu'a, matar da ban taɓa gani ba, ban ma san ko tana salla ko coci take zuwa ba. Ilminta bai riski ɗana ba, amma akwai wata uwa a wani wuri da aka ce mata, kwanta a ɗiba a jikinki, kuma ɗanta ya tashi. Ina taya ta murna, ina kuma jin kishinta, ba zan ɓoye miki ba.

In kin je, ki girmama ta, amma kada ki kai mata irin ladabinmu na sunkuyar da kai. In ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba. In kin ga abin da ba daidai ba a jikin mara lafiya, ki faɗa ko da manyan likitoci goma ne a tsaye. Abin da kika gano ki rubuta yadda ta rubuta, har da inda kika kasa, don na bayanki kada ya faɗa rami ɗaya. Kuma ki dawo. Ban ce gobe ba, amma ki dawo. Yaran da ke kwance a asibitin Treichville ba duka ne ubansu ke da 'yan kasuwa a bayansa ba. Ina so kafin in mutu in ji an ce ana dashen nan a garin nan, uwa ta hau gbaka ta je ta ba ɗanta ta dawo gida. Na sa turmin atamfa mai ruwan goro a cikin jakar Halifa, ki kai mata. Ki ce daga wata mata ce a Adjamé da ba ta iya karanta ko layi ɗaya na rubutunta. Ki kuma gaya mata ɗinkawa ake yi a sa, kada in ji ta yi labule da ita.

Ki riƙe salla ko a tsaye ne a lungun asibiti. Ki ci abinci mai zafi, ke da kike iya wuni da shayi. An ce sanyin can yana shiga ƙashi, ki sa safa, ba abin kunya ba ne. Mijinki mutumin kirki ne, ya yi haƙuri da karatunki, ki riƙa yi masa hira ko kin gaji. Ki kira Gwaggo Indo kafin ki tashi, idonta ya tafi amma kunnenta ras yake, kuma ita ce Innarki, ban taɓa jin haushin haka ba. Ko da na ji, kaɗan ne.

Saura Halifa. Lokacin tashin hankalin bana, da aka rufe gari muna jin harbi, ke kina asibiti ba fita, shi yana wurina. Kullum yana bakin ƙofa yana leƙe. Ranar da hanya ta buɗe kika shigo, ya ruga da gudu ya kama ƙafarki. Gidan cike da maƙwabta. Na ga hannunki ya tashi, na ga kin kalli mutane, sai kika ce, "Kai, je wurin kakarka." Indo ta yi miki tarbiyya irin ta gida, har kin fi ni iyawa. Ranar Juma'a ma da kika kawo shi, "ga yaron nan" kika ce, kika juya da sauri. Da na zo jera kayansa, can ƙasan jakar, ƙarƙashin wanduna, na tarar da tsohon zaninki na barci a naɗe, da ƙamshin jikinki, inda ba mai gani. Na zauna a bakin gado na riƙe shi. Na san wannan kifin, ni na fara sa shi.

Za ki je ki koyi yadda uwa za ta ba ɗanta abin da ke cikin ƙashinta, ki bar naki ɗan a nan yana koyon ce miki Anti a waya? A'a. Ba da hannuna ba. Zai sha wahala a can, na sani. Za ki kai shi gidan reno da duhun safiya, zai yi mura, za ki yi kuka don gajiya. Amma in ya yi zazzaɓi ke za ki fara gani, kuma ba za ki jira izinin kowa ba.

Ranar Asabar da safe Sani zai kawo miki shi da jakarsa. Na wanke komai na goge, na ƙara masa da man kaɗanya da 'yar hular da na saƙa. Ni ba zan je filin jirgi ba, kada ki jira ni. In na ga an wuce da shi ta ƙofar nan zan iya yin abin da zai ba ku kunya.

Da aka haife shi mijinki ya sa masa sunan yayanki, kuka koma kiransa Halifa don kada in riƙa jin sunan a gidana. Na gode da wannan kara. Jiya da hantsi yana wasa da murfin tukunya, na tura ƙofa, na tsaya a bayansa na kira shi da sunansa na yanka. Muryata ta fito kamar ba tawa ba, don tun da na haifi mai sunan ban taɓa furta shi ba. Ya waiwayo ya dube ni, ya yi dariya, ya miƙo hannu. Na ɗauke shi, na dafa kansa.

Ke ma ki kira shi. Ki kira shi da ƙarfi, a filin jirgi, a gaban dangin mijinki, ki ɗauke shi ki rungume, duk mai magana ya zo ya same ni a Roxy.

Allah ya tsare hanyarku, ya kare ku daga sharrin dare da na rana, ya buɗe miki ƙirji ki fahimci abin da kika je nema, ya sa hannunki ya zama sanadin warakar bayinsa. Allah ya ƙara wa malamarki lafiya da nisan kwana. Allah ya jiƙan babanki, ya jiƙan Iya. Allah ya jiƙan ɗana Nuhu, ya gaya masa na dawo daga Katsina.

Ni ce,
Rabi, Maman Nuhu.